Na'ura mai sauraro, rada ko kyamara: wacce ta dace da taswirar karkara da birni?

Duk wanda aka ɗora wa aikin zana taswirar yadda ake amfani da ƙasa, ya nuna ina gona take, ina makiyaya, ina daji, ina kuma gari ya tsaya karkara ta soma, zai tarar da kayan aiki iri uku a sararin samaniya. Akwai kyamarar tauraron ɗan'adam, mai ɗaukar hoto da hasken rana. Akwai rada, mai harba igiyar maikrowef zuwa ƙasa ta jira abin da zai dawo mata. Ta ukun ita ce rediyomita, wadda ba ta harba komai. Kasa kunne kurum take yi, tana sauraren ɗan maikrowef ɗin da ƙasa da kanta ke fitarwa saboda ɗumin jikinta.

Wannan ta ukun ita ta fi jan hankalin sababbin shiga. An gaya musu tana ratsa gajimare, ba ruwanta da dare ko rana, kuma tarihin bayananta ya faro tun 1978, lokacin da aka harba Nimbus-7 ɗauke da na'urar SMMR, ya zarce kusan ba yankewa har yau. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa musu da wuri ba shi ne faɗin sawunta a ƙasa, wato girman filin da take aunawa a lamba ɗaya, kuma a kan wannan ne zaɓin gaba ɗaya ya rataya.

Gara in faɗi matsayina tun yanzu. In iyaka kake son ja tsakanin gona da unguwa, rediyomitar tauraron ɗan'adam ba alƙalaminka ba ce. Sikeli ce. Za ta gaya maka nauyin ruwa da tsiron da ke cikin wani babban yanki, ta bar ka da neman inda suke a cikinsa. Sai dai akwai tambayoyin da babu mai amsa su kamarta, shi ya sa batun ya cancanci a bi shi a hankali.

Me kunnen yake ji?

Kowane abu mai ɗumi yana fitar da igiyoyi a zanguna daban-daban, har da na maikrowef, masu tsawo daga 'yan milimitoci zuwa santimita 30 ko sama da haka. Rediyomita tana auna ƙarfinsu, ta bayar da shi a matsayin zafi da ma'aunin kelbin, wanda ke soma ƙirga daga iyakar sanyi. Mu kira shi zafin haske. Ba shi ne ainihin zafin ƙasar ba. Ana samunsa ne in an ninka zafin gaskiya da wani rabo tsakanin 0 da 1, wanda ke nuna yadda abu ke sakin abin da ke cikinsa.

Busasshiyar ƙasa mai kyauta ce, rabonta ya haura 0.9. Daji mai duhu ya kai wajen 0.95. Ruwa kwance kuwa marowaci ne, wajen 0.4 yake, yana ɗan hawa ko sauka gwargwadon zango da kusurwar kallo. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tsakiya, tana iya faɗowa zuwa 0.7 ko ƙasa da haka. Ƙarfe shi ne ƙarshen rowa: kusan ba ya sakin komai, madubi ne, abin da ke sama yake nunawa, ita kuwa sama a dogayen zanguna sanyinta bai wuce 'yan kelbin ba. Shi ya sa rufin kwano da rana ta gasa har ba ya taɓuwa da hannu, a kunnen rediyomita ya fi ƙanƙara sanyi. Tushen abin duka ruwa ne. A ma'aunin da ake auna yadda abu ke amsa wa filin lantarki, busasshiyar ƙasa na tsakanin 3 da 5, ruwa kuwa wajen 80. Wannan tazara ce ta sa 'yar lema kaɗan ke sauya sakamakon awo sosai.

Akwai ƙari. Na'urar tana sauraren igiya mai kaɗawa a tsaye da mai kaɗawa a kwance daban-daban. A fili mai santsi, kamar ruwa ko tsirarar ƙasa, bambancin biyun babba ne. In ganye ya rufe ƙasa sai ya gauraya su, bambancin ya kusa ɓacewa. To ka ga a takarda abin ya yi daɗi: daji, gona, fako, tafki da rufin kwano, kowanne da muryarsa.

Matsalar sawu

Idon kyamara da eriyar rediyomita doka ɗaya ke mulkinsu. Ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa ya dogara da tsawon zango, a raba shi da faɗin eriya, a ninka da nisa. Hasken da ido ke gani bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka ƙaramin madubi ya wadatar. Maikrowef na gigahaz 1.4 kuwa (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne) tsawonsa santimita 21 ne.

SMAP, wanda hukumar NASA ta harba ranar 31 ga Janairu 2015, yana ɗauke da eriyar raga mai faɗin mita 6 tana juyawa, daga tsayin kilomita 685. Da wannan ƙatuwar lema duka, sawunsa a ƙasa wajen kilomita 40 ne, ana jera bayanansa a gidajen kilomita 36. SMOS na hukumar Turai ta ESA, da aka harba a Nuwamba 2009, ya bi wata dabara: ƙananan eriya 69 a kan hannuwa uku masu siffar Y, ana haɗa abin da suka ji da lissafi. Nan ma sawun yana tsakanin kilomita 35 da 50. AMSR2 na hukumar JAXA ta Japan, tun Mayu 2012, da eriyar mita 2, yana ba da kilomita 35 da 62 a gigahaz 6.9, kilomita 7 da 12 a gigahaz 36.5, sai kilomita 3 da 5 a gigahaz 89. Tsohuwar SSM/I, da ta soma aiki a 1987 a kan taurarin DMSP na Amurka, sawunta a gigahaz 19 ya kusa kilomita 70 a tsawo.

Wani zai ce to a ɗauki tashar gigahaz 89 mana, tunda ita ce mai ƙaramin sawu. A nan gizo ke saƙa. Duk yadda zango ya gajarce, haka tururin ruwa da gajimare da ruwan sama ke ƙara shiga tsakani. Tashar da ta fi kaifin gani ita ce ta fi rasa falalar da aka zo nema tun farko, wato ratsa yanayi. Hasali ma masu hasashen ruwan sama ne suka fi morar ta.

Ga lissafin da ke rufe gardama. In kana son rediyomita ta gigahaz 1.4 ta rarrabe mita 30 daga tsayin kilomita 700, kamar yadda kyamarar tauraron Landsat ke yi, sai ka ninka 0.21 da 700,000 ka raba da 30. Eriya mai faɗin kusan kilomita 5 ke nan. Ko a gigahaz 37, inda zangon yake wajen milimita 8, sai an kusa mita 190. Babu rokar da za ta ɗauki wannan. Gida ɗaya na SMAP, kilomita 36 da 36, murabba'in kilomita 1,296 ne. A cikinsa za a zuba ɗigon hoton kyamarar tauraron Sentinel-2 mai mita 10 kusan miliyan 13.

Ranar da mutum ya fara buɗe fayilolin biyu gefe da gefe a kwamfuta, ba ya sake buƙatar bayani. A hagu ga hoton Sentinel-2: kana matso da shi kana ganin titi ya ratsa unguwa, ga filin wasa, ga layin bishiyoyi a bakin rafi, ga gonaki an yanka su kamar facin riga. A dama ga na rediyomita na wuri ɗaya: murabba'i biyu ko uku masu launi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu. Ka matso, murabba'in ya cika fuskar kwamfutar, launi ɗaya tal. Babban birni da kewayensa duka suna cikin wannan lamba guda.

Gari a cikin lamba guda

Mu ƙaddara ƙasa na kelbin 300, busasshiya, rabonta 0.92. Zafin haske zai zama 276. Mu ce wani gari ya ci kashi 5 cikin 100 na sawun, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na garin rufin kwano ne. Ƙarfe ke nan ya rufe kimanin kashi 1.5 cikin 100 na sawun, zai rage zafin hasken da wajen kelbin 4. Na'urar za ta ji wannan, domin kunnenta na da kaifi. Amma tafkin da ya ci kashi 2.5 cikin 100 na sawun shi ma kelbin 4 zai rage, tunda ruwa a wajen 120 yake. Yayyafin daren jiya zai iya rage fiye da haka. Sanyin asuba da zafin azahar kaɗai sun ninka wannan sau da yawa. Lamba ɗaya, masu laifi huɗu, ba shaida.

Sauran garin kuma, wato kankare da kwalta da bulo, rabonsu bai yi nisa da na busasshiyar ƙasa ba. Gari mai rufin siminti ko na ƙasa a tsakiyar fako kusan ɓacewa yake yi.

Sannan ga surutu. Abin da rediyomita ke saurare rauninsa ya kai a ce raɗa ne, kuma birane cike suke da na'urorin sadarwa da radar filayen jiragen sama. Bayan an harba rediyomitar AMSR-E a kan tauraron Aqua a 2002, an tarar tashar gigahaz 6.9 ta gurɓata a wurare da yawa na Amurka, musamman kusa da manyan garuruwa. Shi ya sa da aka zo gina AMSR2 aka ƙara tashar 7.3 kusa da ita, don a gane gurɓatar a kauce mata. Hatta zangon megahaz 1400 zuwa 1427, wanda dokar sadarwa ta duniya ta haramta watsa komai a cikinsa saboda a nan masu nazarin taurari ke sauraren sinadarin haidurojin, SMOS ya tarar da masu kutse a sassan Turai, Gabas ta Tsakiya da Asiya. Wato wurin da kake son awo ya fi tsabta, cikin gari, nan ne ya fi datti.

Akwai dabarun ƙara kaifi, ba a musu. Sawun da ke bin juna suna hawa kan juna, don haka da lissafi ana iya matso ƙarin bayani. Cibiyar NSIDC ta Amurka ta sake sarrafa tsofaffin bayanai zuwa gidaje masu ƙanƙanta har kilomita 3.125 a wasu tashoshi, SMAP ma yana da samfurin kilomita 9. Sai dai ƙanƙantar gida a fayil daban, kaifin gani na gaskiya daban. Ga mai neman gefen unguwa, kwalliyar ba ta biyan kuɗin sabulu.

Rada: dangi ɗaya, hali daban

Yawancin masu cewa suna son maikrowef saboda gajimare, rada suke nufi ba su sani ba. Ita ma tana ratsa gajimare, tana aiki da dare. Bambancin shi ne tunda ita ta aika igiyar, ta san siffarta da lokacin fitarta, don haka tana iya haɗa amsoshin da ta tattara yayin da tauraron ke tafiya, ta mai da tafiyar tamkar doguwar eriya. Rediyomita ba ta da wannan gata, domin abin da ƙasa ke fitarwa hayaniya ce marar tsari. Tun 1978 Seasat ya nuna dabarar tana aiki daga sararin samaniya, ko da yake wata uku da 'yan kwanaki kawai ya rayu.

Yau Sentinel-1 ne dokin aiki. An harba na farko a Afrilu 2014, yana aiki a gigahaz 5.4, zango santimita 5.6, yana share faɗin kilomita 250 da kaifin mita 5 da mita 20. Kowane tauraro yana komowa kan sawunsa bayan kwana 12, in biyu ne kwana 6. Na biyun ya lalace a Disamba 2021, aka yi shekara uku da ɗaya tilo kafin a harba Sentinel-1C a Disamba 2024. Wanda zai yi nazarin waɗannan shekaru ya duba yankinsa da kyau, domin wasu wurare sun sami giɓi.

Gini da rada abokai ne. Igiya ta bugi ƙasa, ta faɗa kan bango, ta koma inda ta fito, sai gari ya fito fari tas a hoto. A kan wannan hali ne hukumar DLR ta Jamus ta zana taswirar matsugunan duniya da hotunan TerraSAR-X da TanDEM-X, a ɗigon wajen mita 12. Amma abotar na da sharaɗi. Ginin da ya fuskanci hanyar tauraro ya fi haske nesa ba kusa ba a kan wanda ya karkace, har unguwa biyu iri ɗaya su fito kamar ba dangi. Duwatsu da gangaren tsauni suna kwaikwayon gari. Titin jirgin sama da yashi mai santsi suna kwaikwayon ruwa, su fito baƙi. Ƙananan gidajen ƙasa masu rufin ciyawa, a warwatse cikin bishiyoyi, sau da yawa rada na wuce su. Kuma kowane hoto yana zuwa da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gishiri, wanda sai an tace ko an haɗa hotunan watanni kafin ya lafa. Koyon karanta hoton rada yana cin lokaci. Ido bai saba da shi ba.

A karkara, ƙarfinta yana wurin bin lokaci. Gonar da aka cika da ruwa tana fitowa baƙa, in shuka ta tashi ta yi haske, in an girbe ta sauya. Jerin hotuna na damina guda ya isa ya bambanta ta da fadamar da ba a noma. Ga daji kuwa, dogon zango ya fi shiga cikin rassa, shi ya sa masu bin sare dazuka ke komawa ga radar PALSAR ta Japan mai dogon zango, wadda ta fara a 2006 magajiyarta ta biyo a 2014.

Kyamara

Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma a wannan fage maganar ta zauna daram. Landsat yana ɗaukar hoto tun 1972, an buɗe rumbunsa kyauta a 2008, kuma Landsat 8 da 9 tare suna komowa duk kwana 8 da ɗigon mita 30. Sentinel-2, tun 2015, yana da tashoshi 13, huɗu daga ciki a mita 10, yana komowa duk kwana 5. Ganye mai rai yana shanye jan haske ya mayar da wanda ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, don haka rarrabe kore da busasshe abu ne mai sauƙi. Uwa uba, ɗan'adam yana iya duban hoton ya gane abin da yake gani, ya gyara wa kwamfuta kuskurenta.

Rauninta biyu ne. Na farko gajimare, wanda a kowane lokaci yake rufe kusan kashi biyu cikin uku na duniya, kuma a yankunan dazukan Amazon, Kongo da kudu maso gabashin Asiya ana iya yin watanni ba a sami hoto mai tsabta ba, daidai lokacin da shuka ke girma. Na biyu, a busassun wurare tsirarar ƙasa da gini launinsu ɗaya. Gonar da aka girbe da unguwar da ba kwalta sukan rikita na'ura. Dukan raunin biyu rada ce maganinsu, shi ya sa manyan taswirorin zamani ke aurar da su. WorldCover na ESA, na 2020 da 2021, ya haɗa Sentinel-1 da Sentinel-2, aji 11, mita 10. Masu shi da kansu sun auna daidaitonsa a wajen kashi 74 cikin 100 a na farko, kusan 77 a na biyu, kuma sun yi gargaɗin kada a cire ɗaya daga ɗaya a kira shi canji, domin tsarin lissafin ya sauya tsakanin shekarun. In taswirar mita 10 tana kuskure a ɗigo ɗaya cikin huɗu, sai ka auna abin da za a samu daga sawun kilomita 40.

Inda mai sauraro ya fi kowa

Da na tsaya a nan da na zalunci rediyomita. Babban sawu yana zuwa da babbar riba: AMSR2 yana share faɗin kilomita 1,450, yana gama kusan duniya duka cikin kwana biyu, SMAP kuma cikin kwana biyu zuwa uku. Babu rada ko kyamara mai kaifi da ke kusa da wannan yawan komowa ba tare da gajimare ya ci rabonsa ba. Kuma awon danshi daga rediyomita ya fi na rada tsabta, domin kaushin ƙasa da ganye ba su rikita shi kamar yadda suke rikita rada. A gigahaz 1.4 tana jin lemar santimita 5 na saman ƙasa, ko da akwai tsiro matsakaici a kai.

Daga nan abubuwa uku ke fitowa masu amfani ga mai nazarin ƙasar karkara. Ban-ruwa na ɗaya: in babban yanki ya jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, hannun mutum ne, kuma an yi amfani da wannan wajen gano lokaci da yawan ban-ruwa a manyan filayen noma. Ambaliya da fadama na biyu: tun farkon shekarun 1990 ake da jerin bayanan faɗin ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta wata-wata, a gidajen wajen kilomita 25, har da ruwan da ke ƙarƙashin ciyayi wanda kyamara ba ta gani. Na uku nauyin tsiro: yadda ganye da itace ke dusashe muryar ƙasa yana nuna yawan ruwan da ke jikinsu, kuma wannan awo ba ya cika da wuri kamar ma'aunin kore na kyamara, wanda da zarar ganye ya rufe ƙasa yake daina bambanta kurmi da saura. Mai son sanin ko wani yanki mai faɗin ƙasa guda ya yi asarar itace cikin shekara 30, nan zai nufa.

Ka lura duk waɗannan amsoshin “nawa” da “yaushe” ne. “Ina” sai an aro daga wani wuri. Su kansu masu SMAP sun san haka: an gina shi da rada a jikinsa don ta kaifafa awon zuwa kilomita 9, radar ta mutu a Yuli 2015, wata biyar da 'yan kwanaki bayan harbawa, daga baya aka koma haɗa shi da Sentinel-1 don samun kilomita 3 da 1. Wani abin dariya ma, lissafin da ke fitar da danshi daga rediyomita yana buƙatar a ba shi taswirar abin da ya rufe ƙasa tun farko, kuma wuraren da gari ya yi yawa akan yi musu alamar rashin tabbas. Wato ita mai cin taswira ce kafin ta zama mai samar da ita.

In an sauko ƙasa-ƙasa

Duk abin da na faɗa game da sawu, nisa ne ya jawo shi. Ka ɗora rediyomitar gigahaz 37 mai eriyar mita 1 a jirgin sama, ka tashi a tsayin kilomita 1, sawun ya koma wajen mita 8. A nan labarin takarda ya zama gaskiya: rufin kwano ya fito da sanyinsa, magudanar ruwa ta fito, gonar da aka shayar jiya ta bambanta da maƙwabciyarta. A dogon zango kuwa, gwaje-gwajen da aka yi da jirage a Ostareliya don tantance SMOS da SMAP sun sami sawun wajen kilomita 1 daga tsayin kilomita 3. Sai dai jirgin da zai ɗauki rediyomita zai iya ɗaukar kyamara mai ganin santimitoci, kuma hayar jirgi da daidaita na'ura ba ƙaramin aiki ba ne. Ban ga dalilin bin wannan hanya ba sai in danshi ko ɓoyayyen ruwa ne ainihin abin da ake nema, ko kuma binciken na'urar kanta ake yi.

Sutura daban, amfani daban

Akwai iyakar da ukun duka suka tsaya a bakinta. Tauraro yana ganin abin da ya rufe ƙasa, ba ya ganin abin da ake yi da ita. Ciyawa ciyawa ce, ko makiyaya ce, ko filin ƙwallo, ko gonar da aka bari ta huta. Dogon rufi zai iya zama masana'anta, ma'ajiya ko makaranta. Ana kusantar amsa da siffa da maƙwabtaka da yadda wurin ke sauyawa cikin shekara, da hasken dare daga na'urar VIIRS mai sawun wajen mita 750, da hotuna masu kaifin ƙasa da rabin mita inda ake iya ƙirga gine-gine ɗaya-ɗaya. Ragowar sai bayanan hukumomin filaye da takawa da ƙafa. Wanda bai ware lokaci da ma'aikata don zuwa fili a duba wuraren gwaji ba, kowace na'ura ya zaɓa, zato ya zana da launi.

To wacce za ka ɗauka?

Kafin ka sauke fayil ko ɗaya, rubuta faɗin ƙaramin abin da dole ya fito a taswirarka, ka raba shi uku. Ɗigon na'urarka kada ya wuce wannan. Gona mai faɗin mita 60 tana son ɗigon mita 20 ko ƙasa. Wannan gwaji kaɗai ya fitar da rediyomitar tauraro daga duk wani aikin tsara gari, rajistar filaye, ko bin yadda birni ke cin gonakin gefensa. Ga irin waɗannan, Sentinel-2 ne ginshiƙi, Sentinel-1 ya tallafa masa wajen gini da watannin gajimare. In tarihi ake so, a ce yadda garin yake a 1990 da yadda yake yau, Landsat ne ke da wannan dogon zare a kaifin da ya dace. In yankin gajimare ba ya barinsa, sai a juya tsarin, rada ta shige gaba kyamara ta bi ta da 'yan hotunan da aka samu. Matsugunan karkara masu warwatsuwa kuwa, mita 10 ma ta yi musu kauri, sai an nemi hoto mai kaifin ƙasa da mita.

Rediyomita tana shigowa ne in yankin ya kai ɗaruruwan kilomita kuma tambayar ta shafi ruwa ko lokaci. A nan ma tare da taswirar kyamara za ta yi aiki: taswirar ta faɗi kashi nawa na kowane sawu gona ne, nawa daji, nawa gari, ita kuma ta faɗi yadda jimillar ke numfashi kwana-kwana. A jefar da sawun da ke bakin teku ko babban tafki, domin ruwan zai rinjayi komai, a kuma riƙe awon lokaci ɗaya na yini, kamar na ƙarfe 6 na safe a SMAP, sa'ad da zafin ƙasa da na ganye suka fi kusa da juna.

Akan sami ɗalibin da an riga an amince masa da taken bincike mai cewa zai zana amfanin ƙasa da rediyomita, ba damar sauyawa. Irin wannan ba sai ya yar da na'urar ba, tambayar zai gyara. Maimakon “ina gonakin ban-ruwa suke”, ya ɗauko iyakokinsu daga Sentinel-2, ya zaɓi sawu biyu maƙwabta, ɗaya mai yawan gonakin ɗaya marar su, ya jera awon SMAP na shekara biyar kusa da bayanan ruwan sama, ya nemi makon da sawun farko ya jiƙe na biyun yana bushe.